KADA A BAR JAKI A DOKI TAIKI

Duk mazaunin birnin Zazzau ya san jemagu, yadda su kan tashi da magariba su nufi itatuwa. Masana sun tabbatar akwai ƙwayoyi cikin jinin jemage, dangin waɗanda ke kawo zazzaɓin cizon sauro. Wanda ya ji wannan sama-sama sai ya ce, to, a kashe jemagu, a sare itatuwan da su ke kwana. Mu dai a ganinmu wannan kuskure ne babba, ya kuwa kamata malamai su riga kowa gane shi.

A 1880 wani likita Bafaranshe, Laveran, ya fara ganin ƙwayar zazzaɓi cikin jinin mutum a Aljeriya. A 1897 Ronald Ross, yana aiki a Indiya, ya gan ta cikin cikin sauro. Kafin 1900 Dionisi ya sami 'yar'uwarta cikin jemagun Italiya. A 2013 kuma aka buga binciken jemagun Gini da Laberiya da Kwaddibuwa, aka tarar suna ɗauke da ire-iren waɗannan ƙwayoyi da dama. Amma fa kowace ƙwaya da gidanta, da kuma mai kai ta. Wata daga cikin na jemagu, wani ƙuda ne marar fiffike da ke zaune cikin gashinsu ke yaɗa ta a tsakaninsu. Ba su ne ke kwantar da 'ya'yanmu ba. Tamu daga jinin mutum ta ke fitowa, macen sauro ta tsotsa ta kai wa wani mutum.

To, ina sauron ke hayayyafa? Ga kududdufai nan cikin ganuwa, inda kakanninmu suka haƙi ƙasar gini. Ga ramummuka da ruwan damina ke kwanciya a ƙofar gidajenmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna a 2023 kamar kashi ɗaya cikin huɗu na masu wannan zazzaɓi a duniya 'yan Nijeriya ne. Jifan jemage ba zai rage ko mutum ɗaya daga cikinsu ba.

Banda haka, jemage ma'aikacinmu ne da ba ya karɓar lada. Rimi da ɗorawa da kuka da dare furanninsu ke buɗewa, jemagu ke bi suna kai garin fure daga wannan zuwa wancan, kana itacen ya yi 'ya'ya. Wanda ya kore su ya taɓa kalwa da daddawa, ya kuma taɓa rimayen da aka san Zariya da su.

Sai dai ba mu ce a yi wasa da shi ba. A 1956 an sami wata ƙwaya dangin ta haukan kare cikin jemage a Ikko. Saboda haka a hana yara harbinsa da danƙo, da ɗaukar mushensa, da cin mangwaron da ya gatsa.

Roƙonmu ga malaman makaranta da ma'aikatan hukuma shi ne su bayyana wa jama'a wannan bambanci. A bar jemage bisa itacensa, a cike ramummuka, a buɗe magudanai, a sa yara cikin gidan sauro, wanda zazzaɓi ya kama kuwa a kai shi asibiti tun da wuri. Rigakafi ya fi magani.