Majami'ar Bonny: Wanda Ya Biya Kuɗin Gini, Shi Ke Riƙe Da Mabuɗi

Jama'a da dama sun san garin Bonny na Jihar Ribas ne saboda gas da ake lodawa a jiragen ruwa. Amma a wannan ƙaramin tsibiri akwai majami'ar Istifanus Mai Tsarki ta ɗarikar Angalikan, wadda tarihinta ya kamata ya tsaya mana a rai.

A 1864 Sarkin Bonny, William Dappa Pepple, wanda aka yi wa baftisma a Ingila, ya nemi a aiko masa da masu bishara. Bishop Samuel Ajayi Crowther ya amsa kira, aiki kuwa ya kankama a 1865. Abin lura shi ne, sarki da hakimansa sun ɗauki rabin kuɗin kafa mishan ɗin. Tun ranar farko ke nan, hannun 'yan gari na cikin aikin.

Ba kuɗi kaɗai suka biya ba. A 1867 Sarki George Pepple ya shelanta cewa guza, wadda garin ke girmamawa kamar abin bauta, ta daina zama abin tsarki. Da yawa daga cikin masu bi na farko bayi ne, iyayengijinsu kuma suka tsananta musu. A 1875 aka jefa wani bawa mai suna Joshua Hart cikin ruwa ya mutu, don ya ƙi cin naman da aka yanka wa gumaka. Duk da haka ikilisiya ta yi ta ƙaruwa, har aka keɓe sabon ginin majami'ar a 1889.

Babban gwaji ya zo ne daga cikin gida. Wasu samarin Turawan mishan suka raina aikin Crowther, suka dakatar da ma'aikatansa baƙar fata. Dattijon ya rasu a ƙarshen 1891. A 1892 ikilisiyoyin yankin, a ƙarƙashin ɗansa Dandeson Crowther, suka tsaya da ƙafafunsu, suna biyan fastocinsu daga baikonsu. Da a ce albashin fasto daga Landan yake zuwa, wa zai iya ɗaga kai?

'Yan'uwa, a nan ne maganar ta shafe mu. Sau nawa muke barin rufin majami'a yana yoyo, muna jiran wani baƙo ko ɗan siyasa ya zo ƙaddamar da asusu? Muna godiya ga masu taimako, amma kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ranar da za a bukaci mu faɗa wa mai kyautar gaskiya, bakinmu zai yi nauyi.

Don haka muna kira ga dattawan ikilisiya su riƙa karanta wa jama'a lissafin baiko a fili, domin mutum ya fi sakin hannu idan ya san inda kuɗinsa ke tafiya. Mu kuma masu bi, mai kwanon dawa ya kawo, mai buhu ya kawo. Bayin Bonny ba su fi mu wadata ba. Ubangiji ya ba mu irin zuciyarsu, amin.