Kafin Ku Ɗauki Hoton Teburin Biki, Ku Leƙa Ƙarƙashin Kwanon

Duk mai bibiyar hotunan biki a Instagram da TikTok ya san yayin da ake ciki. Kamu ne, dina ce, walimar sauka ce ko suna, sai ka ga an jera manyan kwanukan silba masu murfi a kan dogon tebur, suna ta ƙyalli, an kewaye su da furanni. Masu girkin biki suna ce musu cafin dish. A Kano da Kaduna da Abuja, har ta kai taron da babu su ana ganin bai haɗu ba.

Ba mu da ja da ado. Amma fa ku sani, wannan kwano ba don hoto aka ƙera shi ba. Aikinsa ɗaya ne: ya riƙe abinci da zafinsa har a cinye. In ya gaza a nan, to kyan ɗan maciji ne.

Ga yadda yake aiki. Akwai faranti na ƙasa da ake zuba wa ruwan zafi, sai na sama da abinci ke ciki, sannan 'yan gwangwanayen wuta a ƙarƙashi. Wutar ruwan take dumamawa, tururin kuma shi ke riƙe abincin. Ke nan ba ya dafa abinci, kuma ba ya dawo da wanda ya riga ya huce. Shinkafar da aka juye a ciki da sanyinta, ɗumi-ɗumi kawai za ta yi.

Ɗumi-ɗumin nan kuwa shi ne matsalar. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce a riƙe dafaffen abinci da zafin da ya haura digiri 60 a ma'aunin salshiyas, kuma kada a bar shi a fili fiye da awa 2. Tsakanin digiri 5 da 60 ne ƙwayoyin cuta suke hayayyafa da sauri. A ƙiyasin da hukumar ta fitar a 2015, mutum miliyan 600 ne ke kwanciya ciwo duk shekara a duniya saboda gurɓataccen abinci, 420,000 su rasu, kuma Afirka ce ta fi ɗanɗana kuɗarta.

To yanzu ku yi lissafi da irin bikinmu. An dafa jalof da soyayyar shinkafa tun hantsi. Kati ya ce ƙarfe 4, amarya ba ta iso ba sai bayan isha'i. Yawancin gwangwanayen nan masu kauri kamar man shafawa awa 2 suke yi su mutu. Wasu ma ba a kunna su sam, don mai girki tana tsimin kuɗi, ko iska ta kashe su a ƙarƙashin rumfa ba wanda ya lura. Murfi na ƙyalli, abin da ke ciki ya daɗe da hucewa.

Shinkafa ta fi kowa haɗari a nan. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da ke jure wa dahuwa. Idan shinkafar ta zauna da ɗumi, sai ta farfaɗo ta saki guba, kuma sake dumamawa ba ya kashe gubar. Cikin awa 1 zuwa 6 sai amai ya ce salamu alaikum. Washegari a guruf ɗin WhatsApp na dangi a fara cewa sammu ne ko baki ne, alhali wuta ce ta mutu a ƙarƙashin kwano. Matashi mai jini a jika zai iya warwarewa cikin yini guda, amma ku tuna da yara, da masu juna biyu, da su Hajiya Kaka.

Don haka, 'yar uwa, in ke ce ƙawar amarya da aka ɗora wa kula da abinci, ko kai ɗan uwa abokin ango, ga abin yi. A zuba ruwan zafi, ba na sanyi ba, a kunna wuta kamar minti 15 kafin a kawo abinci. Abincin ya shiga da tururinsa. A bar murfi a rufe, a riƙa juyawa lokaci-lokaci, a duba kada ruwa ya ƙafe. Kada a juye sabo a kan tsoho. A tanadi gwangwanaye na ƙari tun da mun san halinmu da lokaci. Salak mai bama kuwa sanyi yake so, a nisanta shi da wuta.

Ita ma wutar a yi hattara da ita. Harshenta shuɗi ne, da rana da ƙyar ake ganinsa, ga mayafai da hannun babbar riga suna shawagi a kai. Da murfinta ake kashe ta, kuma kada a bar yara su taɓa, don wani man guba ne.

In kuwa ba ku da halin hayar kwanukan, kada ku ci bashi don burge mabiya. Kula mai kyau, wadda aka ɗauraye da ruwan zafi aka cika ta aka rufe, aka kuma raba abincin a kan lokaci, ta fi jerin silba goma marasa wuta. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Kuma lokacin da za ku yi ciniki da mai girki, bayan kun gama maganar kalar furanni, ku tambaye ta: ƙarfe nawa za ki sauke tukunya, kuma gwangwani nawa za ki zo da shi? Mutanen da kuka gayyata amana ce a hannunku. Hakkinsu ne su koma gida lafiya lau kamar yadda suka zo.