Gwanjon Kayan Tarihi a Turai: Ina Makomar na Sakkwato?

Sharhi daga Wakilinmu

A watan Yuli na 2004 kamfanin gwanjo na Bonhams da ke Landan ya sayar da wani ƙoƙon gilashi na Rumawa, wanda aka ƙera wajen shekara ta 300 Miladiyya, a kan kuɗi fiye da fam miliyan biyu da rabi. Irin wannan ciniki yana ci har yanzu a Landan da Faris da New York, inda attajirai ke rige-rigen tara kwalaben turare da fitilu da sulalla na mutanen da. Mai karatu yana iya tambayar abin da ya haɗa mutumin Dingyaɗi ko Shagari da wannan harka. Abin da ya haɗa su shi ne, a cikin takardun wasu kamfanonin gwanjon akan ga mutum-mutumi na yumɓu an rubuta masa suna "Sokoto".

Akwai bambanci babba tsakanin kayan biyu. Gilashin Rumawa an san tarihinsa. An san cewa sana'ar hura gilashi ta fara a yankin Sham a ƙarni na ɗaya kafin Miladiyya, kuma garin Pompeii na Italiya, wanda aman wutar dutse ya binne a shekara ta 79, ya ba masana dubban kayayyaki a wuraren da masu su suka bar su. Sabo da haka masani yana iya duban kwalba ya faɗi zamaninta da amfaninta. Mutum-mutumin Sakkwato kuwa, masu kaurin gira da runtsattsun idanu, kusan dukkansu masu haƙar ɓoye ne suka tono su. Gwajin da ake yi wa yumɓun a Turai ya nuna wasunsu sun kai shekara dubu biyu, amma gwaji ba ya faɗin ramin da aka ciro abu, ko tukwane da ƙasusuwa da gawayin da ke kewaye da shi. Waɗannan kuwa su ne shaidun da ake rubuta tarihi da su, kuma idan an watsa su ba sa komawa.

Sunan ma kansa dillalai ne suka laƙaba, suna nufin tsohuwar Jihar Sakkwato kafin a cire Kebbi a 1991 da Zamfara a 1996. A cikin shekarun 1990 ne kayan suka kwarara zuwa kasuwannin Turai tare da na Nok da na Katsina, har Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya, watau ICOM, ta sa duk ukun a jerin kayan Afirka da ta gargaɗi jama'a kada su saya, wanda ta fitar a 2000. Na Nok sun fi samun sa'a, domin tun 2005 masana daga Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka shiga haƙa bisa ƙa'ida tare da hukumomin Nijeriya, har suka gano cewa mafarin al'ummar Nok ya kai wajen 1500 kafin Miladiyya. Ƙasar Sakkwato tana buƙatar irin wannan aiki.

Maganar da ta fi shafar mu ita ce ta Faransa. A watan Afrilu na 2000 Shugaba Jacques Chirac ya buɗe wani sabon sashe a gidan tarihi na Louvre, inda aka baje wasu daga cikin mutum-mutumi na Nok da na Sakkwato waɗanda gwamnatin Faransa ta saya daga wani dillali a Beljiyam. Bayan ƙorafi mai yawa, ƙasashen biyu suka daidaita a 2002: Faransa ta amince kayan mallakar Nijeriya ne, Nijeriya kuma ta bar mata su aro na shekara 25, wanda ana iya sabuntawa. Wa'adin yana cika a 2027. Ya kamata Gwamnatin Jihar Sakkwato ta sa baki a shawarar da za a yanke, ko dai a dawo da kayan, ko kuwa a sabunta aron bisa sharaɗin horar da 'ya'yanmu da ɗaukar nauyin bincike a nan gida.

Doka dai tana nan. Dokar Soja mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana saye da sayar da kayan tarihi sai ta hannun wakilin da hukumar ta yarda da shi, ta kuma hana fitar da su waje ba tare da izini ba. Kayan sana'ar hannu da aka yi kafin 1918 suna cikin abin da dokar ta kare, kuma ma'anarta ta haɗa da tsoffin rubuce-rubuce masu daraja ta tarihi. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar UNESCO ta 1970 tun 1972. Sai dai tarar da aka yanka da darajar nairar 1979 ba ta tsorata ɗan sumoga a yau. Kuma da zarar kaya sun ƙetare iyaka, sai ƙasa ta kawo hujjar lokacin da aka fitar da su. A watan Yuni na 2020 kamfanin Christie's ya sayar da gumaka biyu na ƙasar Ibo a Faris a kan yuro 212,500, duk da ƙin amincewar Nijeriya.

Inda aka yi nasara, hujja ce ta yi aiki. Italiya ta kafa rundunar 'yan sanda ta musamman domin kayan tarihi tun 1969, kuma hotunan da aka kama a rumbun wani dillali a Geneva a 1995 su ne suka tilasta wa manyan gidajen tarihin Amurka mayar da kaya. Kayan Benin, waɗanda Jamus ta amince ta mayar a 2022 kuma Holan ta dawo da 119 a 2025, an san ranar da sojojin Ingila suka kwashe su a 1897. Abin da aka tono da dare daga gona ba shi da hoto, ba shi da rajista.

Sabo da haka tsaron kayan nan daga ƙauye yake farawa. Ƙasar Boɗinga da Shagari tsohuwar mazauna ce. A Sifawa Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato, kuma gidajen malamai da dama suna riƙe da littattafan hannu da suka gada. Manomi a Dingyaɗi da garmarsa ta ci karo da tsohuwar tukunya, ko magajin da baƙo ya taya wa littafin kakansa, ba shi da wurin zuwa da ya sani, alhali dillali yana zuwa har ƙofar gida da kuɗi a hannu. Wasu kuma sukan farfasa abin da suka tono don ganin gunki ne. Ya kamata malamai su bayyana wa jama'a cewa ajiye irin wannan abu a gidan tarihi don sanin al'ummomin da suka shuɗe ne, babu bauta a cikinsa.

Matakan da ake buƙata ba su fi ƙarfin hukuma ba. A sanar da hakimai da dagatai inda za su kai rahoto. A ware kuɗin tukwici ga wanda ya kawo abin da ya tsinta. A ba Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu da Jami'ar Usmanu Danfodiyo abin aiki su zagaya kufai, su ɗauki hoton littattafai suna barin su a hannun masu su. Majalisar Tarayya kuma ta gyara tarar 1979. Idan aka yi wannan rajista tun kafin 2027, wakilan Nijeriya za su zauna da Faransa da hujjar cewa gida a shirye yake ya riƙe kayansa.