ILMI A CIKIN GIDA: Me Ya Sa Tsohon Ƙwai Ke Tasowa?

Ga damina, ƙwan zabi ya cika kasuwa. Kun lura uwargida takan sa ƙwan cikin ƙwaryar ruwa kafin ta biya? Wanda ya kwanta ƙasa ta ɗauka, wanda ya taso ta mayar.

Ba girma ne ke nutsar da abu ba. Gungume yakan bi kogi, tsakuwa kuwa sai ƙasa. Abin dubawa shi ne nauyin abu da nauyin ruwan da ya yi daidai da girmansa. Ruwa lita 1 kilo 1 ne. Ƙarfe mai wannan girma ya kusa kilo 8, shi ya sa yake nutsewa. Ƙwai in ya daɗe, laimar cikinsa takan fita ta ƙananan kafofin ɓawo, iska ta maye gurbi, nauyinsa ya ragu, ya taso.

Ku gwada a gida: ku narkar da gishiri mai yawa cikin kofin ruwa, sabon ƙwai ma zai taso, gama ruwan ya ƙara nauyi. Haka Tekun Gishiri yake ɗaga mutum.

Iskar da ke cikin kwale-kwale ce ke riƙe da shi. In aka labta masa kaya ruwa ya shiga, ta ƙare. Don Allah kada mu cusa 'ya'yanmu cikin jirgin da ya riga ya cika.

Yanzu ku karanta 2 Sarakuna sura 6, inda ƙarfen gatari ya taso a Urdun. Za ku gane dalilin da muke ce da shi al'ajibi.