TAKIN ALBASA: A SA DA WURI, A TSAYA DA WURI

Zuwa ga iyayen ƙasa, da hakimai, da masu lambu na ƙasar Gwandu da ta Argungu.

Kun sani ko wace shekara a kan haƙe albasa mai kyaun gani a fadamun Birnin Kebbi da Argungu, a ajiye ta don a jira kuɗi, amma kafin damina ta yi nisa da yawa ta ruɓe. Sai a ce laifin iri ne, ko na zafi. Mu dai muna gani babban laifin na taki ne, gama a kan sa shi ɗanye, kuma a makare.

Dā kakanninmu ba su damu da wannan ba ƙwarai, domin ambaliyar Gulbin Rima ta kan shimfiɗa wa fadama sabon laka. Amma tun da aka gina madatsar Bakolori a 1978, da ta Goronyo a 1984, ruwa ba ya malala yadda ya saba. Abin da gulbi ya rage, tilas manomi ya cika da hannunsa.

To, ga yadda za ka yi. Tun da damina ka haƙa rami, ka tara kashin awaki da na shanu, da sharar turke, da toka. Ka riƙa yayyafa ruwa, kana juyawa. Bayan wata 2 ko 3 za ka ga ya yi baƙi, ya huce, wari ya fita. Wannan shi ne taki. Ɗanye kuwa ya kan ƙone saiwa, ya jawo gara, ya kawo 'ya'yan ciyawa cikin fangali. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mako 2 kafin dashe, watau wajen Nuwamba, ka zuba kwando guda, kamar kilo 10, a fangalin da ya kai mita 3 tsawo, mita 2 faɗi, ka cuɗe shi da ƙasa sarai. Saiwar albasa gajera ce, ba ta bin abinci zuwa ƙasa can. In kana da takin zamani, NPK shi ma lokacinsa ke nan. Yuriya kuwa a raba ta biyu: kaɗan bayan mako 3 da dashe, saura bayan mako 6, a bi ta da ruwa nan da nan.

Daga ran da ka ga gindi ya soma kumbura, ka janye hannu. Wani zai ce, "Ai na ƙara taki lawashi ya yi kore shar, albasa ta yi girma." Gaskiya ne. Amma ka duba wuyanta. Ya yi kauri, ya cika da ruwa, ba shi bushewa, ta nan kuwa ruɓa ke shiga. Irin wannan albasa sai a sayar ran da aka haƙe, lokacin da kasuwar Aliero ta cika, kuɗi suka faɗi.

Haka abin ya ke ga sauran masu ɗaure gindi. Akwai wani fure fari mai ƙanshi da a ke kira tubaros, asalinsa daga Meziko, ana nomansa a Indiya don turare. In aka cika masa taki irin na yuriya, sai ya yi ta ganye, fure ya yi ƙaranci.

Ku hakimai, wannan magana a wuyanku ta ke. Ku karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba. Mai shakka ya keɓe fangali biyu, ɗaya ya yi yadda ya saba, ɗaya yadda muka faɗa, ya ajiye albasarsu dabam dabam, ya ƙidaya wadda ta ragu a watan Yuli.

Allah ya ba mu albarkar noma, amin.