Tsohon kafintan unguwarmu ya rasu yana Katolika, mu tuna da shi a hakan



Makon jiya Allah ya yi wa wani dattijo rasuwa a unguwarmu nan Maraɗi, shina da shekara 80 da ɗoriya. Ba zan kama sunansa ba, da ma kowa Baba yake ce mishi. Kafinta ne, Kirista ɗan ɗarikar Katolika, ya bar ƴaƴa 7 da jikoki masu yawa. Abin da ya sa na yi wannan rubutu magana ɗaya ce da anka yi ta maimaitawa wurin zaman makoki: "Wallahi halin mutumen ga na musulmi ne, kalmar shahada kaɗai ta rage mishi." Na san masu faɗin haka yabo suke nufi. Amma ni dai a ganina yabon nan akwai gyara cikinsa.

Mutumen nan bai taɓa ɓoye addininsa ba, bai kuma riƙe shi da wasa ba. Duk ran Lahadi da sassafe sai ka gan shi bisa kekensa ya nufi coci wurin sujadar da suke ce wa mes, ko ana ruwa ko ana hunturu. Da ƙafa ta ƙi, jikansa ke kai shi bisa moto. Da marece in ya rufe shago yakan zauna ƙofar gida da cazbinsa mai ɗan gicciye, kuma yaran unguwa sun san ba a tada mishi da magana sai ya gama. Azuminsu na kwana 40 kafin Paska bai wuce shi, ran Juma'a cikin kwanakin nan ba a ɗora nama a gidansa. Mace ɗaya ya aura, sunka yi sama da shekara 50 tare, don a ɗarikarsu aure babu saki. To in mutum ya yi rayuwarsa kaf a kan wannan turba, sannan ya mutu mu ce kirkinsa na wani addini ne da bai shiga ba, me munka yi ke nan? Mun ƙwace mishi abin da ya fi ƙauna, mun maƙala mishi namu. Kuma mun faɗa wa ƴaƴansa da ke zaune bisa tabarma suna saurare cewa Kirista ba ya iya zama mutumen kirki sai da aron hali.

Shi da kansa in an yi mishi godiya kan wani alheri, abin da yake cewa shi ne haka addininsa ya hore shi. Alherin kuwa ba kaɗan ba ne. Makarar masallacin unguwa sau nawa ta karye ya gyara bai karɓi ko dala ba? Allunan da ya sassaƙa wa almajirai ba su ƙirguwa. Yaran shagonsa kusan duka musulmi ne, kuma da an kira salla shi ke cewa su aje zarto su tahi. Ran Juma'a tun kafin azahar yake sallamarsu. Ran Nowel kuma maƙwabci musulmi yake kira ya yanka mishi kaji, don tuwo da shinkafar da za a rarraba kowa ya ci babu ɗar-ɗar. Ku lura da wannan da kyau: mutum ne da ya san dokar addininmu, ya kiyaye mana ita, alhali shina kan nasa daram.

Kada kuma mu mai da shi mala'ika. Baba akwai faɗa, in ka ɓata mishi katako sai unguwa ta ji. Sa'ad da ɗaya daga cikin ƴaƴansa mata ta auri musulmi ta musulunta, abin ya yi mishi zafi, kuma bai ɓoye ba, an daɗe ana ba shi baki. Amma da ta haihu shi ya fara isa wurin suna, da gadon jinjiri da ya ƙera da hannunsa. Jikokin nan in sun zo hutu cikin watan azumi, shi ke tashe su sahur. Zafin na nan, ƙaunar na nan, bai bar ɗaya ta cinye ɗaya ba. Iyaye nawa cikinmu za su iya haka in abin ya juyo ta wajenmu?

Wasu matasa a fada na ji suna cewa ai su baƙi ne. Bari in ɗan ja mu baya. Tun 1931 mishan Katolika ta kafu a Yamai. Da yawa daga Katolikan farko na garuruwanmu daga Dahome (Benin ta yau), Togo da Haute-Volta sunka zo, wasu akawuna, wasu malaman lakwal, wasu masu sana'ar hannu. Mahaifin Baba na cikinsu. A ƙarshen 1963, lokacin rikicin tsibirin Lete, gwamnatin Diori Hamani ta kori ƴan Dahome daga ƙasar, iyalinsu ma sunka fita, daga baya sunka komo, don nan ne anka binne cibiyar ƴaƴansu. Rikicin Lete kansa sai 2005 kotun duniya ta raba shi. Mutumen da anka haifa a Maraɗi, ya yi Hausa ta Katsinawa da ta fi ta wasunmu, ya biya lanho shekara da shekaru, ya binne iyayensa a nan, in shi baƙo ne to wa ke ɗan gari? Ballantana akwai Katolika ƴan asalin ƙasa, a Dogon Dutsi, a Dolbel, a yankin Makalondi. Tun 2001 Maraɗi ke da bishop nata, Ambroise Ouédraogo ne na farko, kuma a 2013 anka naɗa Laurent Lompo, ɗan Nijar na farko da ya zama bishop. Ƙidayar 2012 ta nuna Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Ƴan kaɗan ne, shi ya sa nauyinsu ke wuyanmu. Ƴaƴan musulmi nawa sunka yi karatu a makarantun mishan, irin Mariama ta Yamai, sunka fito da sallarsu ba wanda ya taɓa ta?

Dole in taɓo 2015, ko da ba mu son tuna ta. Ran 16 ga Janairu a Damagaram, washegari a Yamai, fushin zanen ɓatanci na wata jaridar Faransa ya faɗa kan maƙwabtan da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. An ƙona coci-coci masu yawa, an rasa rayuka wajen 10, Kiristocin Damagaram sai barikin soja sunka fake. Kwanakin nan ƴaƴan Baba sun matsa mishi ya bar gari. Ya ƙi. Dattawan unguwa musulmi sunka shimfiɗa tabarmi ƙofar gidansa sunka kwana nan. Wannan abin alfahari ne gare mu, amma abin kunya ne a ce tsoho mai gyara mana makara sai da anka yi gadinsa.

Saura batun gaisuwa, don na ga wasu maƙwabta sun noƙe, suna tsoron kada shiga gidan ya taɓa musu imani. Ba fatawa na zo bayarwa ba. Sallar gawa daban, ta'aziyya daban, kuma malamai da dama sun halatta yi wa maƙwabci wanda ba musulmi ba gaisuwar rashi. Mun kuma karanta a tarihi cewa sarkin Habasha, Kirista, shi ya ba sahabbai mafaka sa'ad da Makka ta yi musu zafi. Ba wanda ya ce ka shiga coci ko ka yi addu'ar da ba taka ba. Limaminsu, wanda muke ce wa momper, ya yi nasa aiki, an kai Baba makwancinsa.

Tsohuwarsa na nan gida, kunnenta ya yi nauyi, sai an ɗaga murya. Wanda bai samu zuwa ba har yanzu ƙofa a buɗe take, an fi samunsu bayan la'asar. Ka shiga ka ce mata "Inna, sannu da haƙuri, ya ƙarin haƙuri?" In kuma kana cikin waɗanda ke da sauran kuɗin ƙofa ko na gado da Baba ya yi musu bashi, littahinsa na hannun babban ɗansa.