Kira ga Ministan Kimiyya da Hukumar TETFund: A Tallafa wa Binciken Gawayi Mai Raba Ruwa

Mai girma Ministan Ƙirƙire-ƙirƙire, Kimiyya da Fasaha, da shugabannin Hukumar TETFund, ina roƙon aron hankalinku kan wani bincike da kayan aikinsa ke zube a gonakinmu.

Idan wutar lantarki ta ratsa ruwa, yakan rabu gida biyu: haidurojin da oksijin. Lita 9 ta ruwa kan ba da kilo 1 na haidurojin, wanda ake haɗawa da naitirojin a sami amoniya, uwar takin zamani. A lissafi bolt 1.23 ya isa, amma aikin ba ya sauri sai da sinadarin da zai zaburar da shi. Gwanayen wannan aiki su ne filatinam da iridiyam, masu ɗan karen tsada. Iridiyam ɗin da duniya ke haƙowa a shekara bai kai tan 10 ba, akasarinsa daga Afirka ta Kudu.

A 2009 ayarin Farfesa Liming Dai a Amurka ya nuna cewa kabon da aka cusa wa naitirojin zai iya maye gurbin filatinam a na'urar da ke mai da haidurojin lantarki. Daga baya masana suka gwada shi wajen raba ruwa. Don samun wannan kabon, sukan gasa sharar gona ta zama gawayi a tanda marar iska, cikin zafin kusan digiri 800, wani lokaci su sa nikel ko ƙarfe. Sai dai da sauran rina a kaba, domin gawayin kan zaizaye a ɓangaren da oksijin ke fita. Nan ne ake jiran gudummawar masu bincike.

Ranku ya daɗe, ɓuntun shinkafa na jibge a Kebbi da Kano, ga ɓawon gyaɗa, ga totuwar masara, ga ranar samar da lantarki har ta yi yawa. Roƙona uku ne. A ware wa wannan fanni kaso daga asusun bincike na ƙasa. A wadata Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato da sassan kimiyyar sinadarai na jami'o'inmu da tandoji da na'urorin gwaji, da wutar da ba ta ɗaukewa. A kuma haɗa ɗalibanmu da masana'antun taki, kada sakamako ya ƙare a kan kanta.

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ku taimaka a fara da abin da muke da shi. Allah Ya yi muku jagora.